Ƙananan eriyoyin waya a lambun shaƙatawa: me ya kamata mu tambaya kafin a kafa su?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina cikin wani ƙaramin kwamiti na 'yan sa-kai da ke taimakawa wajen kula da lambun shaƙatawar da ke kusa da gidajenmu, kuma wata magana ta taso mana wadda ta fi ƙarfin saninmu, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gaban masu ilimin abin. Makonni biyu da suka wuce, hukumar da ke da mallakin lambun ta aiko mana da takarda cewa wani kamfanin sadarwa ya nemi izinin kafa ƙananan eriyoyi guda huɗu a ciki, biyu a kan turakun fitilun da suka daɗe a wurin, biyu kuma a kan sabbin turaku, kuma an ba mu wata guda mu faɗi ra'ayinmu a rubuce. An haɗo da zane, inda aka nuna wani abu mai kama da doguwar ganga, ruwan toka, a ƙololuwar turke, sai kuma akwatin ƙarfe a gindinsa wanda tsayinsa zai kai ƙugun babban mutum. Ɗaya daga cikin sabbin turakun zai tsaya ne taku kaɗan daga wurin lilon yara, daidai bayan bencin da iyaye ke zama suna jiran 'ya'yansu.

Da muka zauna, sai kwamitin ya rabu gida biyu. Wasu sun ce ko kusa ba za su yarda a rataya wa yara wannan abu a ka ba, domin sun ji cewa tururin da yake fitarwa yana jawo ciwon daji. Wasu kuma sun ce mun daɗe muna kuka da rashin sabis a lambun, musamman da yammacin ranakun hutu idan jama'a ta cika, har suka tuna mana ranar da wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a kan hanya, aka yi ta kiran motar asibiti kira yana yankewa. Ni dai ina tsakiya, kuma ba na so mu rubuta wa hukuma takardar da aka gina a kan jita-jita. Ina so in san bambancin waɗannan eriyoyi da dogayen turakun sadarwa da muka saba gani, in san ko akwai haɗari ga yaron da ke wasa a ƙarƙashinsu kullum, sannan in san abin da ya dace mu nema a rubuce kafin wa'adin ya cika. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Sadarwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Na yi shekaru ina aikin tsara inda ake kafa irin waɗannan na'urori, waɗanda a wajen aiki muke kira simol sel, saboda haka zan faɗi abin da na sani, amma ki riƙe a ranki cewa ni ɗan cikin sana'ar ne, ki auna maganata da ta wasu.

Dogon turken da kika saba gani an yi shi ne domin ya rufe fili mai faɗi, wani lokaci kilomita da dama, kuma yana watsa saƙo da ƙarfi mai yawa daga can sama. Ƙaramar eriya kuwa wat kaɗan take fitarwa, kuma iyakarta daga 'yan mitoci goma-goma zuwa 'yan ɗaruruwa. Akasari ba don babu sabis kwata-kwata ake kafa ta ba, sai don sabis ɗin da ke akwai ya yi wa jama'a kaɗan. Kowace eriya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka a lokaci guda, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinta rabawa suke yi, kamar famfo ɗaya da masu ɗiban ruwa suka yi wa yawa. Wannan ne ya sa a ranar hutu za ki ga sandunan sabis a cike a fuskar wayarki, amma saƙo ya ƙi tafiya, kira kuma ya riƙa yankewa. Lambu yana da wata matsalar ta daban, wato ganye. Zangunan igiyar rediyo da ake amfani da su a 5G, wato sabon tsarin sadarwar waya, irin su gigahaz 3.5, da kuma na sama sosai kamar 26 da 28, ba sa ratsa ganye da kyau, balle idan ya jiƙe da ruwan sama, saboda haka saƙon da ya taso daga dogon turke a wajen lambu yana isowa ƙarƙashin itatuwa a galabaice. Maganin da injiniya ke gani shi ne a sauko da eriyar ƙasa, kusa da inda mutane suke.

Game da tururin, abu biyu nake so ki fahimta. Na farko, ƙarfinsa yana raguwa da sauri idan ana nisantarsa: idan aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, idan kuma aka ninka ta sau goma, yana komawa kashi ɗaya cikin ɗari. Kuma eriya ba ƙasa take harba saƙonta ba, gefe take harbawa, kamar fitilar mota da ke haska titi ba ta haska tayoyinta, saboda haka wanda ke zaune daidai gindin turke yakan samu ƙasa da wanda ke can gaba kaɗan. Na biyu, kuma shi ne abin da mutane suka fi mamaki idan na faɗa, ita ma wayar da ke hannunki watsa saƙo take yi, kuma ita ce ke manne da kunnenki. Wayar 4G ta yau da kullum tana iya kaiwa kashi ɗaya cikin biyar na wat idan ta ƙure ƙarfinta, amma ba kullum take ƙurewa ba, domin eriya ce ke gaya mata ta ƙara ko ta rage. Idan eriyar tana nesa, sai wayar ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kogi, idan tana kusa kuwa sai ta koma raɗa. Don haka uwar da ke zaune a bencin nan tana waya, sau da yawa abin da ke shiga kanta daga wayarta raguwa zai yi bayan an kafa eriyar, batirinta ma ya ƙara daɗewa.

Ba lissafi kaɗai ba ne, an auna. A 2020 hukumar Ofcom mai kula da sadarwa a Birtaniya ta auna tururi kusa da tashoshin da aka sa wa 5G a birane da dama, kuma mafi yawan abin da ta samu a kowane wuri bai wuce wajen kashi 1.5 cikin ɗari na iyakar da aka amince da ita ga jama'a ba, akasarinsa ma daga tsofaffin zanguna ya fito, ba daga 5G ba.

Inda nake so ku sa ido shi ne tsayi. A gaban kowace eriya akwai 'yar tazara da ba a so mutum ya tsaya a cikinta tana aiki, kuma ga ƙaramar eriya wannan tazara gajeriya ce, amma tana nan. A dokar Tarayyar Turai, alal misali, eriyar da ke ajin wat 10 sai an ɗaga ta aƙalla mita 2.2 sama da inda jama'a ke takawa. Mai zane a ofis yakan auna tsayi daga ƙasa, ya manta cewa a wurin wasan yara akwai abin hawa da ke ɗaga yaro mita biyu ko fiye, kuma ya manta da mai sauya ƙwan fitila da mai sassabe rassa, waɗanda aikinsu ke kai fuskarsu daidai gaban eriyar. Ku nemi a nuna muku a zane iyakar wannan tazara, da tsayin abin hawa mafi kusa, kuma a liƙa wa turken alama da lambar da ma'aikaci zai kira a kashe eriyar kafin ya hau.

Ma'aikaciyar Lafiya ta rubuta:

Maman Biyu, sannu da ƙoƙari. Injiniya ya yi bayanin na'ura, bari in ƙara da abin da ya shafi jiki, domin kalmar tururi ita ce ke rikita mutane. Akwai tururin da ke da ƙarfin karya ƙwayoyin halitta kai tsaye, kamar na na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti da na makamashin nukiliya, kuma shi ne aka tabbatar yana jawo ciwon daji idan ya yi yawa. Igiyar rediyo, wadda waya da eriya da gidan rediyo ke amfani da ita, ba ta cikin wannan rukuni, kuma illar da aka tabbatar tana yi idan ƙarfinta ya yi yawa ita ce ɗumama nama. A kan wannan aka gina iyakokin da ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan tururi, ta fitar a 1998 kuma ta sabunta a 2020, waɗanda suka shafi zanguna har zuwa gigahaz 300, wato har da dukkan na 5G. An lura cewa sai jiki ya sha wajen wat 4 a kowane kilo na nauyinsa na tsawon rabin sa'a kafin zafinsa ya ƙaru da kusan digiri ɗaya, sai aka raba wannan gida hamsin, aka sa iyakar jama'a a wat 0.08 a kowane kilo, domin a yi la'akari da yara da tsofaffi da marasa lafiya.

Maganar ciwon daji kuwa tana da tushe, ba daga iska aka ɗauko ta ba, kuma bai dace a yi wa masu faɗarta dariya ba. A watan Mayun 2011 cibiyar IARC mai binciken ciwon daji, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa igiyar rediyo a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar. Ma'anar wannan rukuni ita ce hujjar da aka samu taƙaitacciya ce, ba ta kai a yanke hukunci ba, kuma ba ta kai a yi watsi da ita ba. Hujjar kuma ta fito ne daga binciken masu yawan kara waya a kunne da wasu nau'o'in ƙari a cikin kai, ba daga mazauna kusa da eriya ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka sake tattara binciken, kuma a 2024 aka wallafa sakamakon nazarin bincike 63 da aka yi tsakanin 1994 da 2022, wanda bai samu alaƙa tsakanin amfani da wayar salula da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka haura shekara goma suna amfani da ita.

Duk da haka akwai ƙasashen da suka zaɓi su ƙara taka tsantsan. Suwizalan tana da doka tun 1999 da ta sa wa kowace tasha iyaka tsakanin bolt 4 zuwa 6 a kowace mita a wuraren da mutane ke daɗewa, kamar gidaje da makarantu da filayen wasan yara da aka ware a tsarin gari, alhali iyakar ICNIRP a manyan zanguna bolt 61 ce. Ba don sun gano wata cuta suka yi haka ba, sun dai bi ƙa'idar rigakafi ya fi magani ne, kuma sabis yana aiki a ƙasar.

A nawa ganin, lafiya ba hujja ba ce ta ƙin eriyoyin, amma ina goyon bayan a matsar da wadda ke kusa da lilo. Tsoro ma yana da tasa illar. Idan iyaye goma suka daina kawo 'ya'yansu wasa saboda ganga ruwan toka da ke bisa kansu, to yaran sun yi asarar guje-guje da iska da rana, kuma wannan asara tabbatacciya ce, ko da abin da aka ji tsoro bai tabbata ba. Mun ga inda tsoro ya kai mutane a 2020, lokacin da aka riƙa cinna wa turakun sadarwa wuta a Birtaniya saboda ƙaryar da aka yaɗa cewa 5G ce ke kawo korona.

Tsohon Mai Lambu ya rubuta:

'Yata, na karanta bayanin Injiniya da na Malama ma'aikaciyar lafiya, kuma ban ƙaryata ko ɗaya ba, amma ina ganin kwamitinku ya bar jaki yana dukan taiki. Kowa ya ɗaga kai yana kallon abin da ke saman turke, alhali ɓarnar da na gani da idona a ƙasa take. Kowace eriya tana buƙatar wutar lantarki da wayar faiba da za ta haɗa ta da sauran tsarin, kuma waɗannan ba daga sama suke saukowa ba, rami ake haƙa musu. A zanen da aka aiko muku, ko an nuna inda ramin zai bi? Ina kyautata zaton ba a nuna ba, domin ba kasafai ake nunawa ba sai an tambaya.

Mutane suna zaton saiwar itace tana nutsawa ne can ƙasa kamar yadda gangar jikinsa ta miƙe sama, amma akasarin saiwoyin da ke shan ruwa da riƙe itace suna shimfiɗe ne a cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna wuce iyakar inuwarsa. Ramin da bai kai zurfin gwiwa biyu ba, idan ya gitta kusa da gindi, yana iya datse babban kaso na saiwoyin a wuni guda. A lambun da na yi aiki, wani ɗan kwangila ya shigo da motar haƙa da sassafe, kafin in iso ya tsaga rami a gefen layin manyan itatuwa da suka girme ni, na tarar da saiwoyi masu kaurin damtse a yanke, farare fat, suna zubar da ruwa a cikin ramin, kuma kafin la'asar an mayar da ƙasa an daddaɓe kamar ba a yi komai ba. Shekarar farko da ta biyu babu wanda ya ga canji. A ta huɗu sai rassan sama na ɓangaren ramin suka fara bushewa, a ta shida aka sare biyu daga ciki don kada su faɗo wa mutane, kuma a lokacin babu mai tuna ramin, aka ce tsufa ne. Itace ba ya mutuwa ranar da aka cuce shi, shi ya sa mai cutarsa ke tsira.

Akwai ma'auni mai sauƙi da masu kula da itatuwa a Birtaniya ke bi, wanda ke cikin ƙa'idarsu mai lamba BS 5837, kuma kowa zai iya aro shi. A auna kaurin gangar itace daga gefe zuwa gefe a tsayin mita ɗaya da rabi, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne tazarar da za a kewaye itacen da ita a hana haƙa. Itacen da kaurinsa ya kai santimita 50 yana buƙatar mita 6 ta kowane gefe. Idan dole ne waya ta ratsa wannan da'ira, to a haƙa da hannu a bar duk saiwa mai kauri, ko a huda ta ƙarƙashi da injin da ke tura bututu ba tare da tsaga ƙasa ba, kuma wani naku ya tsaya a wurin ranar aikin.

Sannan Injiniya da bakinsa ya ce ganye yana tare saƙo. To itace girma yake yi, eriya kuwa tana nan inda aka kafa ta. Nan da shekara biyar reshe zai rufe mata fuska, sai a zo da zarto. Ku sa a rubuta tun yanzu wanda ke da ikon taɓa reshe, in ba haka ba za ku wayi gari ku ga an aske wa itace gefe guda. Akwatin gindin ma ku tambaya ko yana da fanka a ciki, domin wasunsu suna wani gunji siriri da ba a ji da rana, amma mai zama a benci da magariba zai ji shi, kuma ni a wurina shiru yana cikin abin da ake zuwa nema a lambu.

Mai Tsara Birane ya rubuta:

Baba Mai Lambu ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Zan ƙara da ɓangaren doka, domin kafin ku rubuta takarda ya kamata ku san iyakar ikon hukumar da za ku rubuta wa, kuma wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

A Amurka, dokar sadarwa ta 1996 ta hana ƙananan hukumomi ƙin ba da izinin eriya bisa dalilin illar tururi, matuƙar na'urar ta cika ƙa'idar hukumar sadarwa ta tarayya, FCC. A watan Satumban 2018 hukumar ta ƙara ɗaure su, inda ta ba su kwana 60 su amsa buƙatar ɗora ƙaramar eriya a kan turken da ke akwai, da kwana 90 idan sabon turke ne, kuma ta fayyace abin da ake nufi da ƙarama: turken da bai wuce ƙafa 50 ba, da eriyar da girmanta bai wuce wajen lita 85 ba, da sauran kayan haɗi da za su iya kaiwa kusan lita 800. Ku dubi wannan adadi na ƙarshe da kyau, domin abin da doka ta kira ƙarami yana iya fin firiji girma. Birane da dama sun kai ƙara, kuma a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da akasarin umarnin, amma ta soke wani sashe na takunkumin da aka sa wa birane kan sharuɗɗan kyan gani. A Tarayyar Turai kuwa, ƙa'idar da aka fitar a 2020 ta yafe wa ƙananan eriyoyi neman izinin gini ɗaya bayan ɗaya idan abin da ido ke gani bai wuce lita 30 ba, amma an bar wa hukumomi damar neman izini a wuraren da ke da darajar tarihi ko ta gine-gine ko ta halitta, kuma lambuna da yawa suna iya shiga nan. Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne takardar da ta tsaya a kan ciwon daji kaɗai ita ce mafi sauƙin ajiyewa a gefe, wadda ta yi magana a kan wuri da girma da kama da itatuwa kuwa dole a amsa ta. A birnin New York, dogayen turakun eriyar 5G da ake kira Link5G, masu tsayin ƙafa 32, da aka fara kafawa a 2022 sun gamu da turjiya daga unguwanni, kuma abin da ya tilasta sake duba su shi ne dokar kare wuraren tarihi, ba maganar lafiya ba.

Wani abin lura shi ne cewa lambu ba gefen titi ba ne. A gefen titi hukuma takan zama mai ba da izini kawai, kuma doka takan taƙaita ikonta, amma a cikin lambu sau da yawa ita ce mai ƙasa, kuma mai ƙasa yana da bakin gindaya sharaɗi a yarjejeniyar haya. A nan ne ƙarfinku yake. Ku nemi sanin shekarun yarjejeniyar, da wanda zai cire kayan ya gyara wurin idan an daina amfani da su, domin turakun da aka yi watsi da su suna daɗewa a tsaye babu mai su. Ku nemi a rubuta cewa ba za a ƙara wata na'ura a kan turken ba sai da sabon izini, domin abin da aka saba gani shi ne a fara da ganga ɗaya mai tsabta, bayan shekara uku a ga akwatuna da wayoyi sun yi mata rawani, wani lokaci har da kyamara da ba a ambata ba tun farko. Ku kuma tambaya ko sauran kamfanoni za su iya amfani da turakun nan huɗu, domin idan kamfanoni uku ne kuma kowanne zai kafa nasa, huɗun nan za su zama goma sha biyu. Awo kuma a yi shi kafin a kunna da bayan an kunna, a wurin lilo da kan bencin, kuma wanda ba na kamfanin ba ne ya yi shi, a liƙa sakamakon a ƙofar lambu. A Faransa tun 2014 kowane mutum yana iya neman a zo a auna masa gidansa ko wani wurin jama'a kyauta, kuma hukumar ANFR mai kula da zangunan rediyo a ƙasar tana wallafa sakamakon a taswirar da kowa zai iya dubawa, saboda haka ba wani abu ne baƙo kuke nema ba.

Maman Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na karanta wa kwamiti amsoshinku jiya da yamma, kuma bayan an tashi mun zagaya da igiyar awo, inda muka tarar cewa sabon turke na biyu, wanda babu wanda ya damu da shi a baya, yana mita uku ne kacal daga gindin itace mafi girma a lambun, wanda kaurinsa ya haura santimita 70. Baba Mai Lambu, ka yi gaskiya, babu alamar rami ko ɗaya a zanen. Mutum biyu har yanzu ba su yarda da eriyoyin ba ko ta wane hali, kuma mun amince za a rubuta ra'ayinsu a takardar kamar yadda suka faɗa. Sauranmu mun tsaya a kan a karɓi biyun da ke kan turakun fitila, a matsar da sabbin biyun zuwa bakin ƙofa da gefen hanyar shiga, inda aka riga aka yi daɓe. Abin da nake tsoro shi ne kamfanin ya ce matsarwar ba za ta yiwu ba ta fuskar fasaha, mu kuma ba mu da ilimin musa masa. Injiniya, yaya za mu gane ko gaskiya ne?

Injiniyan Sadarwa ya rubuta:

Wani lokaci gaskiya ce, domin eriyar da iyakarta mita ɗari biyu ce, idan aka matsar da ita mita tamanin, wani ɓangare na lambun zai fita daga ƙarƙashinta. Amma sau da yawa abin da ake nufi da ba zai yiwu ba shi ne ramin zai ƙara tsawo, ko kuma sai an sake zane. Kafin a zaɓi wuri akan fitar da taswirar hasashen sabis a kwamfuta, mai launuka da ke nuna inda saƙo zai yi ƙarfi da inda zai yi rauni, kuma sake fitar da ita ga wani wurin aiki ne na 'yan sa'o'i. Ku nemi taswira biyu, ta wurin da suka zaɓa da ta wurin da kuka ba da shawara, a kan ma'auni ɗaya da zango ɗaya, kuma a tabbatar an sa itatuwan a lissafin da ganyensu a cike. Idan bambancin ɗan lungu ne a bayan lambu inda ba kowa ke zuwa ba, ku tsaya a kan bakanku. Idan kuwa filin da jama'a ke taruwa ne zai rasa sabis, sai ku nemi su kawo wuri na uku da ke wajen da'irar saiwoyin, wanda ga itacen nan naku mai santimita 70 ta kai kusan mita takwas da rabi.